Auren Tuffa Mai-kunya

Ranar wata Talata cikin Fabrairu, ƙanƙarar kan rufi ta fara ɗiga, Sanela 'yar maƙwabcina Rifet ta buga mini ƙofa. Shekara ashirin da biyar da 'yan watanni rabon da wani daga gidansu ya tako nawa, in ka ɗebe ranar da aka fitar da gawar matata Zumreta, ita ma ɗin a bakin titi suka tsaya.

"Kawu Hasib, ina kwana?"

"Lafiya. Wa ya mutu?"

"Haba Kawu! Sai an mutu za a gaishe ka?"

"Daga gidanku dai, e."

Ta yi dariya irin ta uwarta. Na bar ta ta shigo saboda sanyi. Mace ce da ta doshi hamsin yanzu, tun lokacin yaƙi take zaune a Suwidin, amma ni har gobe yarinyar nan nake gani mai leƙen mutane ta kan katanga. Ta ƙi zama. Ta ce ta zo tafiya da ubanta ne, idonsa ya yi rauni, sau biyu yana faɗuwa a matakala. An sayar da gidan. Wani mutumin birnin Tuzla ne ya saya, zai rushe ya gina ɗakunan haya na masu zuwa hutu, katafila za ta shigo farkon Maris. Su kuma nan da kwana goma sha ɗaya za su tashi.

"Lambun fa?" na ce.

"Duka, Kawu. Wurin ajiye motoci za a yi."

"Har da ita?"

"Har da ita. Abin da ya kawo ni ke nan. Baba bai aiko ni ba, kada ka je ka ce ya aiko ni."

Ita ɗin da muke nufi bishiyar tuffa ce, kuma a duk kwarin nan namu babu irinta sai wadda ke gidan Rifet. Asalinta tamu ce. Babana Avdo mai auren itatuwa ne, wato haɗa reshen wata bishiya a jikin wata, duk watan Afrilu sai ka gan shi da wuƙa a aljihu yana bin gidaje, wannan ya kira shi, wancan ya kira shi. Tun kafin a haife ni ya samo wani ɗan reshe a can bayan duwatsu, ya soke shi a cikin dankali don kada ya bushe a hanya, ya zo ya aura wa gindin tuffar daji da ya haƙo a bakin kurmi ya dasa a tsakar gidanmu. Mai-kunya muke ce mata, don kunci ɗaya kawai take yin ja, wanda ke kallon rana. A ƙarƙashinta aka yaye ni. A nan Inna ke dafa gahawa da la'asar, mata na shigowa ta 'yar ƙofar nan da ke jikin katanga tsakaninmu da gidan su Rifet, wadda muke kira kapijik. In Oktoba ta zo a girka babbar tukunyar tagulla, a wuni ana juya maɗin tuffa da muciya har hannu ya mutu, mu yara muna dakon ƙanzo. Sauran a jera su cikin ciyawa a ɗakin ƙasa, su kai Maris ba su ruɓe ba. Tufafinmu ma ƙamshinta suke yi. A makaranta, shekara huɗun da na yi, malami kan ce ko ido rufe ya san ɗan gidan Avdo ya shigo.

Mu biyu Baba ya koya wa aure, ni da Rifet, don uban Rifet ya rasu da wuri, kullum yana gidanmu. Shi ya riƙe abin. Ni na tafi Jamus.

Shekara ashirin na yi ina kwaɓa siminti a ƙasar mutane. Da na dawo gaba ɗaya, cikin Agustan shekarar casa'in, na dawo da mota da kuma wani irin ido da ke ganin komai na gida ƙazanta ne. Baba ya shekara huɗu da rasuwa. Tsakar gida taɓo, tuffa na faɗowa kan motar, tsuntsaye na yi mata kashi, zirnako ya cika wuri. Na ce a can gidan mutumin kirki shafe yake da siminti tas, ka wanke da tiyo ka huta. Na ɗauko zarto. Zumreta ta ɗaura ɗankwali ta tafi gidan yayarta, ta kwana uku. Rifet ne ya shigo ta 'yar ƙofa da gudu, takalmi ƙafa ɗaya.

"Hasib, don girman Allah ka bar ta zuwa Fabrairu, in yanki reshe tukuna!"

"Gobe masu siminti za su zo."

Da ta faɗi, ya durƙusa cikin rassan yana zaɓe, yana ɓanɓaro idon toho da wuƙa yana sa wa cikin jiƙaƙƙen tsumma. Na tsaya a kansa ina ce masa ɗan tsince. Ashe a Agusta ma ana aure, da ido ɗaya tak, Baba ya koya mana, ni ne na manta. Cikin idanun da ya kwasa guda ɗaya ya kama a lambunsa.

Ba a yi shekara biyu ba yaƙi ya zo, hanya ta rufe, shaguna suka koma kango. Mai lambu ya ci albasarsa da wakensa. Ni na tsaya ina kallon siminti, motar kuma babu mai. Abin da muka ci a shekarar farko ta 'yar ƙofar nan ya shigo, a cikin zanin Munevera matar Rifet, Allah ya ji ƙanta. Na ɗauki guduma na farfasa rabin simintin da hannuna don in sami inda zan binne dankali. A nan, jikin katanga, na ga ɗan tsiro ya ratso daga tsohuwar saiwa. Wallahi kuka na yi. Na ce tuffar Baba ta yafe mini ta dawo. Na kewaye ta da ƙaya, na yi ta ban ruwa kamar jariri. Rifet ya leƙo ya duba, ya ce, "Wannan daga ƙasan aure ta fito, Hasib. Ta daji ce." Na ce hassada ce ke cin sa, yana so ya zama shi kaɗai ke da ita.

Shekara biyar ta yi 'ya'ya, ƙanana, kore shar. Na gutsiri ɗaya na ji haƙorana sun mutu, na ce bakina ne. Na cika kwando na kai ƙofar masallaci ranar Juma'a, ina raba wa mutane ina cewa ga Mai-kunya ta dawo. Rifet ya karɓi ɗaya, ya gatsa, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka.

"Bajamushe," ya ce, "maganin tsutsar ciki ka kawo wa jama'a?"

Har liman sai da ya riƙe ciki. Washegari na sayo bulo na toshe 'yar ƙofar, na shafe da siminti, aikin da na iya ke nan. Ta dajin na so in sare, Zumreta ta rantse in na taɓa ta wannan karon ba kwana uku za ta yi ba. Ta girma ta zama bishiya, ba ta da amfani sai ruwan tsami. Duk kaka ƙamshin Mai-kunya na tsallako katanga ya same ni har ɗaki. Na san Zumreta na karɓa ta sama tana ci a ɓoye a kicin. Ni ban taɓa sa wa a baki ba.

To, ga saiwar Baba a gidana, ga kan bishiyar a gidan Rifet, ga katafila na tafe. Reshen aure kuma sai itace na barci ake yankansa, da ruwa ya motsa a jikinsa an makara. Kwana uku ina sa takalmi ina cirewa. Ranar Juma'a bayan an sauko na zagaya ta titi, tafiyar da a da taku biyar ce.

Na same shi gefen murhu, da tabarau mai kaurin gindin kwalba, akwatuna jibge a bayansa. Ya rame, kunnuwansa sun ƙara girma.

"Wane ne?"

"Ka san ko wane ne."

"Muryar ta yi kama da ta wani Bajamushe da na sani. Amma shi ai ya daɗe da mutuwa, da siminti aka yi masa kabari."

"Ban zo wasa ba, Rifet."

"Yaushe ka taɓa zuwa wasa? Sanela, ɗora gahawa. Kada ki ba shi sukari, ya saba da tsami."

Na zauna ba a ce in zauna ba. Na ce, "Reshe na zo nema."

"Na wace? Akwai bishiyar nan ta bakin rijiya, akwai inabi."

"Ka sani."

"Kunnena ya yi nauyi, maƙwabci. Ɗaga murya."

"Na Mai-kunya! Tuffar ubana!"

"Tuffata dai. Ta ubanka ka yi makamashi da ita, na ga hayaƙin da idona, lokacin ina da ido." Ya laluba ya kama gwiwata. "Shekara ashirin da biyar, Hasib. Duk Fabrairu sai na yanki reshe shida na binne a yashi, in ce bana zai zo. In Mayu ta yi in zubar. Da na faɗo daga tsani ne na daina. Kai wane irin taurin kai ne da kai?"

"Da ka jefo ta kan katanga mana."

"In jefo, ka jefo mini da bulo?"

Sanela ta kawo gahawa a ƙananan kofuna, da sukari dunƙule biyu-biyu, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Muka shanye kofi na farko. A na biyu na ce masa da za a mayar da ni Agustan nan, da motar zan ajiye a titi, ɓarayi su ɗauka in sun ga dama. Motar da ko shekara goma ba ta yi ba ta zama ɗakin kaji.

"Kowa da nasa," in ji Rifet. "Ka ga tsagar bangon can? Saiwar bishiyar da na dasa ce ta tsaga shi, taku huɗu daga gida. Babanka ya ce in matsa da ita taku ashirin, na ce ina son inuwa a taga. Na sami inuwa, har da ta cikin ɗaki. Ga shingen ƙayar da na yi wa gaban gida don ya yi kama da na gidan likitan garinmu, shekara arba'in ina aski kamar wanzami, bai taɓa ba ni ko abin sa wa a miya ba. Da wake na shuka."

"Ni da za a sake, ba zan toshe ƙofar ba. Da dukan tsiya na yi maka a ƙofar masallaci, mu shirya da yamma."

"Kai ɗin? Da wane hannun?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya rage murya, ya manta cewa mai nauyin kunne ba ya iya raɗa. "Ni ba bango ne ke hana ni sukuni ba. Yarinyar can ce. Tana 'yar shekara shida ta biyo ni lambu da ɗan cokali wai za ta taya ni, ta taka mini irin albasa. Na daka mata tsawa na ce kada in sake ganin ƙafarta a wurin. Ba ta sake ba kuwa. Albasa uku, Hasib. Yau ga shi babu wanda zan bar wa lambu, sai mai motoci."

"Albasa biyar ne, Baba," in ji Sanela daga bakin ƙofa. "Na ƙirga ina kuka. Ku tashi mu je, rana na yi."

Muka fita. Rabona da in ga Mai-kunya tun daga ƙasa har sama ban san iyaka ba, kanta kawai nake hange. Ta tsufa, gansakuka ta rufe mata jiki, shekara shida ba a yi mata aski ba. Aure kuwa tsiron bara yake so, miƙaƙƙe, kaurin fensir. Na zagaya ta sau biyu, babu ko ɗaya a ƙasa. Can ƙololuwa na hango 'yan tsiraru sun miƙe sama.

"Kawo tsani," na ce.

"Ka hau ka faɗo a gidana, mutumin Tuzla ya fasa saye? Ni zan hau, na san ta."

"Kai da ba ka ganin hancinka?"

Muna cikin ja-in-ja da tsani, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya, Sanela ta tuɓe doguwar rigarta ta sanyi ta rataya a reshe, ta zare almakashin daga aljihun ubanta ta haye. Muka riƙe mata tsani muna ihu.

"Na damanki!"

"Na hagu, 'yata, kada ki saurare shi!"

"Me ka gani da za ka ce hagu?"

"Wanda ke kallon rana nake nufi, jaki!"

"Ku yi mini shiru ku duka biyu!" ta ce daga sama. "Wannan mai jan ɓawon, mai santsi?"

"Shi!" muka ce baki ɗaya.

Ta yanko takwas. Rifet ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsa yana shafa idanun, ya jefar da biyu, ya ce sanyi ya ƙone su. Ta sauko da ƙaiƙayin gansakuka a gashi, tafin hannunta ya kuje, tana haki tana murmushi. Uban ya ce, "Ashe kin iya hawa." Ta ce, "Wa kake tsammani ke sace maka na ƙololuwa duk shekarar da na zo hutu?"

Na naɗe shidan a jiƙaƙƙen tsumma na binne cikin yashi a ɗakin ƙasa. Saura aikin kansa, shi kuma sai Afrilu, in ruwa ya hau itace, lokacin Rifet na can wata duniya. Rabona da auren itace tun ina saurayi. Kwana bakwan da suka rage kullum da hantsi ina gidansa, ya tara mini tsumagun bakin rafi a kan tebur ina fiƙewa. Ba ya gani, da yatsa yake duba aikin.

"Wannan fiƙa ce ko cizon akuya? Ja ɗaya ake yi, Bajamushe, ba sassaƙar turmi ba ce. Sake."

Ranar tafiya ya ciro wuƙarsa ta aure, mai ƙotar ƙaho, bakinta ya cinye saboda washi, ya miƙo mini. Na kai hannu ya janye.

"Kawo fening biyar. Ba a kyautar wuƙa, zumunci take yankewa."

"Wane zumuncin ya rage da za ta yanka?"

"Ɗan guntun da ya rage ɗin. Kawo."

Na lalubo ƙwandala na ba shi. Ya shiga mota bai waiwayi gidan ba, ko da yake in ya waiwaya ma me zai gani.

Katafila ta zo ran shida ga Maris. Na shige ɗaki na rufe taga, amma ƙarar karyewarta sai da ta same ni.

Cikin Afrilu, da idanun ta dajin suka kumbura, na yi alwala na fito da zarto. Na yanke mata rassa uku, na tsaga kowanne, na fiƙe amaren, wato 'yan rassan Mai-kunya, gefe biyu, na soka bibbiyu a kowace tsaga yadda koren ƙarƙashin ɓawo zai sadu da ɗan'uwansa. Na ɗaure, na shafe da kakin zuma. Sau biyu na yanke yatsa. Daga nan sai jira. Uku ba su ko motsa ba, suka bushe kamar tsinken sakace. Ɗaya ya yi toho ya yi baƙi. Biyu suka kama, na yi ta murna, sai ga wani hankaka ya zo ya sauka a kan ɗaya don ya huta, ya ɓalle shi. Na bi shi da dutse har bakin rafi, ina ɗan shekara saba'in da takwas. Saura ɗaya. Na ɗaura masa sanda a sama don tsuntsu ya sami wurin sauka. Kafin sanyi ya dawo ya kai tsawon hannu.

Da shekara ta zagayo, wata safiya na fito na ga fure uku a jikinsa, fari da ɗan ja-ja. Na kira Sanela a wayar da ɗana ya saya mini, mai nuna fuska. Ta kai wa uban. Yana kwance, ya ƙara zubewa, an sa masa robar iska a hanci.

"Ta yi fure, Rifet. Uku."

"Kai! Tun yanzu? Mai-kunya ta rage kunya."

"Yau zan tsinke su."

Haka ƙa'ida take, shi ma ya sani. Sabon aure ba a barinsa ya ɗauki ciki. Mahaɗin bai fi babban yatsa ba, nauyin tuffa ɗaya da iska mai ƙarfi sun isa su raba shi, in ya rabu kuwa shi ke nan, babu wata a duniya da za a koma wa.

Ya kai hannu ya gyara robar hancinsa. Sannan ya ce, "Bar ɗaya."

"Kai ne ka ce in ta yi fure kafin shekara uku in tsinke."

"Na faɗa. Lokacin ina tsammanin ina da shekara uku. Nan tuffarsu kamar ka tauna soso, maƙwabci. Bar mini ɗaya."

"In ya karye fa?"

"In ya karye ka ce ni ne. Ka saba ɗora mini laifi."

Na ajiye wayar na koma gindin bishiyar. Na tsinke na farko. Na tsinke na biyu. Na uku shi ne mafi kusa da mahaɗi, inda reshen ya fi ƙarfi. Na daɗe a tsaye da yatsa biyu a wuyansa. Na taɓa yin gaggawa a tsakar gidan nan don son raina, na ga abin da ta jawo. Wannan kuma in kuskure ne, da idona buɗe zan yi shi, kuma ba don kaina ba. Na sauke hannu.

Na kafa turke mai tsawo kusa da reshen, na ɗaure shi wuri uku da tsohuwar safar Zumreta don kada ta ci ɓawo. Da tuffar ta kai girman ƙwai na ɗinka mata 'yar jaka da ragar labule, na rataye jakar a jikin turken, nauyin ya koma can. Mutanen ɗakunan haya na leƙowa ta bene suna ɗaukata hoto. Cikin Yuli aka yi wata iska da azahar wadda ta kwashe rufin rumfar maƙera, na fito cikin ruwa na rungume turken har ta wuce. Na yi sati ina tari. Mahaɗin bai motsa ba.

Ƙarshen Satumba kuncinta ɗaya ya yi ja. Na sa hannu na ɗaga ta kaɗan, ta saki reshe da kanta. Na shinshina. Ba zan ɓoye ba, na ɗauko wuƙa na ce rabi nawa rabi nasa, ai ba zalunci. Amma yankakkiyar tuffa ba ta kwana biyu a hanya. Na sa ta cikin safar ulu, na sa safar a kwalin takalmi na cika da ciyawa, na hau mota zuwa Tuzla inda bas ɗin Suwidin ke tashi ranar Alhamis.

Direban ya girgiza kwalin. "Baba, mene ne a ciki?"

"Kada ka girgiza! Tuffa ce."

"Guda nawa?"

"Ɗaya."

"Ɗaya? An yi yaƙi ne a can ban ji ba?"

"Kai dai ka ajiye ta kusa da kai, ba cikin kaya ba. In ta ƙwarzane zan san gidanku."

Ran Lahadi Sanela ta kira. Na ce, "Ya ci? Me ya ce?"

"Bai ci ba, Kawu. Ya sa na ajiye masa a kan matashi kusa da kansa. Ɗakin duk ya ɗauka. Mai jinya ta shigo tana tambayar wane turare ne."

"Ba ni shi! Rifet! Shekara talatin da huɗu ina haɗiyar yawu, na hana bakina na aiko maka, ka mayar da ita kayan ado?"

"Da wane haƙorin zan ci?" Da ƙyar nake jin muryarsa. "Tawa ce, in na ga dama in yi matashi da ita. Reshen fa?"

"Yana nan. Ya yi kaurin ƙotar fartanya."

"To bana ka yanka ka raba. Kada ka zauna a kai kamar kaza, irin yadda na yi."

Ya rasu cikin Nuwamba, can aka binne shi. Da Fabrairu ta zo na fita da almakashi na sami tsiron bara har bakwai a jikin reshen. Na yanki huɗu. Da Afrilu ta yi, biyu na aura wa sauran rassan ta dajin, ɗaya na aura wa wata tuffa a harabar masallaci, ɗaya na bai wa wata malamar makaranta da ke ƙarshen gari, mai yawan tambaya, na tsaya a kanta har ta fiƙe shi daidai da hannunta. Nata ya riga nawa toho.